Gilashin Mota Mai Ƙafa Uku

A garejin gidan Kuwabara da ke bakin garin Suzaka, aiki ya rabu gida biyu tun bayan rasuwar mahaifinsu. Tsuneo, babban, shi ke walda da bugun bodi da fenti, shi ke tayar da injin da ya shekara talatin bai yi tari ba. Ƙanwarsa Michiyo kuwa yawo ne aikinta. Duk abin da tsohuwar mota ta rasa, marfin tanki ne ko fitilar baya ko hannun ƙofa, ita ke fita ta nemo shi.

Ba da wannan sana'a ta fara ba. Ta daɗe tana ɗinkin kujerun mota a wata masana'anta a Nagoya, ta yi aure a can, auren ya mutu, ta dawo gida da keken ɗinkinta. Tsuneo ya ba ta lungu a gareji tana yi wa kujeru sabuwar riga. Nan ta lura mota kan yi wata da watanni a kan jak saboda ɗan abu guda da aka rasa, shi kuwa yayan nata ya gwammace ya wuni ƙarƙashin mota da ya ɗaga waya ya roƙi wani. Ran nan ta ɗauki mukullin akori-kurar gidan, ta ce masa daga yau ya bar mata nema.

Manoman tuffa na wannan yanki ba sa yar da mota. In ta gaji sai a tura ta ƙarshen gona, a cire tayoyi, ta zama ma'ajiyar tsani da buhunan taki. Michiyo ta bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya har ta san wace mota ke kwance ƙarƙashin wace bishiya, ta san mai gonar da za a je wa da kwalbar giya da wanda sai an saurari labarin ciwon gwiwarsa tukuna. Ba ta taɓa ce wa mai mota za ta gwada ba. Cewa take yi za ta kawo.

Wata bazara Horiuchi mai awara ya sa aka jawo musu 'yar akori-kura mai ƙafa uku, wadda mahaifinsa ya riƙa rarraba awara da ita lungu-lungu. 'Yarsa za ta karɓi shagon a ƙarshen shekara, yana son ya miƙa mata shi da motar kakanta tana tafiya. Tsuneo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce inji da bodi duk mai sauƙi ne. Gilashin gaba ne matsalar. Ya tarwatse tun tuni, ga shi mai lanƙwasa, an kuma daina yin irinsa tun su biyun suna makarantar firamare.

“Wannan kam ko a mafarki ba za ki gan shi ba,” in ji Tsuneo.

“Kai dai ka ji da tsatsarka, Yaya. Ka bar min ramin a buɗe.”

Ta buga wa 'yan gwangwan waya har Hokkaido, ta zaga kasuwannin tsofaffin kayan mota, babu. Sai wani mai sayar da taki ya ce mata kamar ya taɓa ganin irin motar a saman tudu, a gonar wata gwauruwa, Kaka Toyoko. Michiyo ta hau tudun ta same ta. Ciyawa ta ci rabin motar, ƙasanta ya ruɓe, amma gilashin na nan garau ko ƙwarzane babu. A ciki kuma ga tsohuwar zaune a mazaunin direba, tana shan shayi da ɗan tsamin ganye a faranti.

Kaka Toyoko ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce ba na sayarwa ba ne. Motar mijinta ce, a nan take hutawa kullum in rana ta take, ta gilashin nan take kallon duwatsu, kuma iska ba ta dukan ta. Ta ƙara da cewa tunda baƙuwar ta zo hannu rabbana, ga kwando can, ta taya ta tsinkar tuffa.

Michiyo ta ɗauki kwando. Ta dawo washegari, ta sake dawowa, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Tana kan tsani ne wata rana tunani ya zo mata: ba gilashin tsohuwar take bukata ba, siffarsa take bukata. Ta san wani a Osaka, Nakagaki, mai lanƙwasa gilashi don akwatunan kiwon kifin ado da na shaguna. Ta sauko ta roƙi aro kawai. Kaka ta daɗe tana kallon ta, ta ce ta yarda, amma a dawo mata da abinta kafin dusar ƙanƙara ta sauka.

Tsuneo ya zo da kansa don cirewa. Robar da ke riƙe da gilashin ta bushe ta zama kamar dutse, ya yi ta yankar ta a hankali, ya kusa gamawa sai suka ji ƙas. Tsaga ta tashi daga kusurwa ta ratsa har tsakiya. Ya ce da ƙanwarsa ƙasa-ƙasa ko za su ce dama can akwai ta. Michiyo ta juya. Ta taka har inda tsohuwar ke tsince tuffa, ta rusuna ta faɗa mata.

“Kaka, mun fasa miki gilashi. Zan kawo miki sabo, kuma naki za a fara sawa kafin na kowa.”

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta ce, “Kin iya alkawari, 'yar nan. To mu gani.”

Michiyo ta manne tsagar, ta naɗe gilashin a bargo, ta kama hanyar Osaka. Nakagaki mutum ne mai surutu da barkwanci. Ya duba ya ce shi gidan kifi yake yi, in ta yarda ya cika motar da ruwa to ba laifi. Da ya gama wasa ya gaya mata gaskiya: sai an ƙera ƙarfen da za a ɗora gilashi a kai ya lanƙwashe a wuta, kuma ba mai hankalin da zai ƙera shi don guda biyu. Ta ce to ya yi da yawa. Ya tambaye ta wa zai saya. Ta ce duk mai irin motar nan a ƙasar yana da rami a gaban motarsa, ta san su, ta sha jin kukansu a waya.

Na farko ya fito ya ƙi zama. Na biyu ya zauna ta sama ya buɗe baki ta ƙasa. Ta yi ta safa da marwa tsakanin Suzaka da Osaka, Nakagaki na kiran ta uwar ɗakinsa ta dole, har aka samu wanda ya shiga ramin motar Horiuchi ɗas. Tsuneo ya miƙa hannu zai ɗauko roba, ta ce ya cire gilashin, wannan na Kaka ne a kan tudu. Horiuchi ya ɗan ɓata rai, ta ce masa nasa na hanya, kuma ya iso.

Sun sa wa Kaka Toyoko gilashinta da sanyin safiya, duwatsu sun riga sun fara fari a ƙololuwa. Tsohuwar ta shiga ta zauna, ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta ce wannan ya cika haske, yanzu duk ciyawar da ba ta nome ba tana ganin ta. Daga nan ta zuba musu shayi, ta cika musu bayan mota da tuffa.

Ranar miƙa shago, 'yar Horiuchi ta tuƙa motar ta zaga unguwa da akwatunan awara, tsofaffi na fitowa ƙofar gida suna nuna ta. A hawan gada injin ya mutu, sai da aka tura. Michiyo ta shekara tana yi wa yayanta tsiya a kai.

Sauran gilasan ba su kai bazara ba suka ƙare, Nakagaki ya sake hura wuta. Daga gilashi Michiyo ta koma sa a yi robar ƙofa, sai murfin fitila, duk abin da ta gaji da nema sai ta nemi wanda zai ƙera shi. Yanzu furfura ta cika mata kai, Tsuneo ya rage shiga ƙarƙashin mota saboda baya, amma garejin bai taɓa zama ba mota ba. Takan ce da masu kawo aiki su daina ba ta haƙuri kan wahalar abin da suke so, su dai faɗa mata shekarar motar su tafi gida.