Rijiyar da Ke Tsakar Gidanmu

Tsundum ɗin bokiti ne kawai. Gugan robarmu ya daɗe da tsagewa, sai na ɗaura wa bokitin ƙarfe igiya na sake shi cikin rijiya, ya sauka da nauyinsa ya daki ruwa. Ƙarar ba ta fi ta kowace rijiya ba. Sai dai ta iske maigidana a zaure yana shigowa.

A lokacin muna haya a Unguwar Sarki, wani ɗan gida mai ɗaki biyu da zaure, zamanin mulkin soja, lokacin da famfo kan ɗauke ya bar mutane da tarin wanki. Rijiyar muka tarar a tsakar gida. Ranar da muka tare, tun kafin a rataya labule, maigida ya kira kafinta ya yi mata murfin katako mai kauri, ya sa kwaɗo. Makullin yana cikin wani gwangwanin alewa a saman kwaba. Idan ruwa ya yi wuya shi ke ja da kansa ranar Lahadi, bayan ya sa na shige ɗaki da yara na turo ƙofa. Ni kuwa sai yabonsa nake a wajen mata, ina cewa ban taɓa ganin uba mai kaffa-kaffa da 'ya'ya irinsa ba. Ina ganin yadda yake gama jan ruwan nan ya jingina da bango yana haki, na ɗauka nauyin guga ne.

A makon nan famfo ya ƙafe ƙaf, 'yan garuwa kuma duk wanda aka tare sai ya ce ruwan na wani ne. Ƙaramin ɗana, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, yana fama da zawon haƙori, kayansa sun taru har suna wari. Maigida direba ne a wani ofis a Doka, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Na ce a raina in ja abin da zai ishe ni, in rufe, in mayar da makulli inda yake. Na zaunar da yaron a bakin ƙofa da guntun burodi, na ce yayarsa, 'yar shekara shida, ta sa masa ido. Ashe ya taso ya biyo ni, yana tafe a bayana ban sani ba. Shi kuma uban an aike shi wani wuri, ya biyo ta gida ɗaukar tabaransa.

Ihun da ya yi, da farko ban gane muryarsa ce ba. Wani suna ya kira, sunan namiji, wanda ba na ɗanmu ba, ba kuma na kowa da na sani a danginsa ba. Kafin in waiwaya ya bangaje ni, na zame a jiƙaƙƙen siminti na faɗi a kan hannuna. Ya suri yaron ya matse shi a ƙirji har yaron ya tsala kuka. Abin da har yau nake gani a idona shi ne, yaron yana hannunsa, amma ya leƙa cikin rijiyar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya gan ni a ƙasa, ya ga 'yarmu tsaye da hannu a baki. Ya kai yaron ɗaki, ya dawo ya jawo bokitin, ya rufe murfin, ya jefa makullin a aljihu, ya fita. Ko tabaran bai ɗauka ba.

Shekara takwas muna tare, ko tsawa mai ƙarfi bai taɓa yi mini ba. Da ya dawo da yamma, tabarma da matashi ya ɗauka ya koma ɗan ɗakin da ke cikin zaure, inda muke sauke baƙi maza. Na aika 'yar da tuwo, ta dawo da kwanon kamar yadda na rufe shi.

Ni dai abin da aka koya mini na sani: mace ta saɓa wa mijinta, ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Na kuma san na saɓa, tunda na ɗauki makulli ba da izininsa ba. Kullum da safe, idan ya dawo daga masallaci, sai in je bakin ɗakin in durƙusa in ce ya yafe mini. Sai ya ce ba komai, idonsa na kan bango. Washegari in ƙara tsawon maganar, in haɗa da kuka. Na lura duk ranar da na fi ƙasƙantar da kai, ranar ya fi saurin barin gidan, har shayi ba ya tsayawa sha. Wata safiya ina fara magana ya ɗaga hannu.

"Don girman Allah ki daina ba ni haƙuri," ya ce. "Ki tashi daga durƙuson nan. Ki bar ni tukuna."

Na ce, "Har zuwa yaushe, Malam?"

Ya ce bai sani ba.

Kalmar nan ta "tukuna" ita ta hana ni sukuni. Idan na ji yana neman biro sai in ce takardata zai rubuta. Idan ya kira 'yar sai in bi ta da kallo in ga ko da wani abu a hannunta za ta dawo. Ina tunanin yadda zan shiga gidanmu da yara biyu, mahaifina ya tambaye ni abin da na yi, in ce rijiya na buɗe.

Maƙwabciyata Bakana ce, matar wani mai sayar da yadi, ta katanga muke hira, ita tana taka turmi ni ina taka bulo. Ta ji ihun ranar, don haka babu abin ɓoyewa. Ta yi mini dariya, ta ce matsalar 'yan boko ke nan, na tsaya ina karanta fuskar miji kamar jarida. A ganinta maganin abu biyu ne. In sa lalle, in turara ɗaki, in yi masa farfesun kan rago. Idan bai sauko ba, in kwashe yara in tafi gida, wai kwana biyu ya ci taliyar mai shayi zai zo biko da ƙafarsa. Na gwada na farkon. Farfesun yara ya raba wa, na jiyo su a zaure suna rigima a kan harshe. Lallen kuwa ni kaɗai na gan shi har ya goge.

Na biyun ne na kasa. Maimakon haka na aika 'yar ta nemo mini izinin zuwa gaida gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke zaune a Mando tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ya ce a dawo lafiya. Na goya yaron muka hau bas.

Na same ta tana matsar tunkuza. Ta tare ni da tsiyar da ta saba, wai amarya ta rame, ko ɗanta ya daina cefane ne. Na ba ta labari tana ta aikinta, tana cewa maza dai sai haƙuri. Sai da na faɗi sunan da ya kira. Hannunta ya tsaya cak. Ta sa na maimaita. Ta share hannun a zani, ta kori jikokinta waje, ta ce rabonta da jin sunan nan a bakin wani tun tana da ƙuruciyarta.

Ta ce sunan ƙanensa ne. A ƙauyensu na ƙasar Katsina, maigidana yana ɗan shekara tara ko goma, uwarsu ta tafi kai abinci gona ta bar masa yaron. Abokansa suka kira shi wasan langa a ƙofar gida. Rijiyar gidan ba ta da murfi, yaron ya faɗa. Da aka taru, bakin rijiyar ya yi wa manya ƙanƙanta, sai shi aka ɗaura wa igiya a ƙugu aka zura. Shi ya ɗauko shi. Bayan an yi sadakar bakwai mahaifinsu ya ce abin da Allah ya yi ya yi, kada ya ƙara jin an ambaci yaron a gidan. Ba a kuwa ƙara ba.

Na yi kuka har ɗana ya farka a bayana ya taya ni. Na ce yanzu zan koma in gaya masa na sani, in ce masa ba laifinsa ba ne, yaro ne shi ma.

"Kul, ɗiyar nan," in ji ta. "Ba hushi yake da ke ba. Kunyarki yake ji. Ya ture ki gaban ɗiyanshi, kuma kin ji abin da bai taɓa bari kowa ya ji ba. In kika je mashi da shi yanzu, ina kike so ya sa kanshi?"

Ta ce a wancan lokacin bayan rumbu ya koma da zama. Duk wanda ya je jawo shi sai ya ƙara shigewa. Ita takan ajiye masa fura ta juya ba ta ce komai ba, da kansa ya fito. Na tambaye ta tsawon lokacin da ya ɗauka. Ta ce har aka yi girbi. A cikin bas ina ta juya maganar, ba ta kwantar mini da hankali ba. Yaro ba shi da inda za shi sai gida. Magidanci kuwa yana da mota a hannu, ya san hanyar kowane gari.

Duk da haka na bi maganarta, don ba ni da wata. Na daina durƙuso. Da safe in ce an tashi lafiya, ya amsa, in wuce. In goge masa kayan aiki in rataye a ƙusar zaure lokacin da yake masallaci. In aika da abinci, idan kwano ya dawo in hana kaina buɗewa nan take, ko da yake ƙarya nake idan na ce ba na auna nauyinsa a hannu. Ban taɓa sanin rashin yin abu yana gajiyar da mutum haka ba. Wanki da daka ba su taɓa karya ni kamar kame bakin nan ba. Sau da yawa nakan hango shi ta labule yana ratsa tsakar gida zuwa banɗaki, yana bin jikin bango don kada ya kusanci murfin katakon, in ji kamar in fita in riƙe rigarsa. Sai in shige ɗaki in tayar da sallar walaha. A sujada nake faɗin duk abin da na so gaya masa.

Ba kullum nake da tausayin ba. Akwai ranakun da nake jin haushi. Hannuna ya kumbura ya sace, babu wanda ya ce mini sannu. Ni ma an tsorata ni, ni ma ɗana ne. Idan haushin ya taso sai in tuna yaro ɗan shekara tara da igiya a ƙugu, in nemi gafarar Allah, in kuma kasa cin abinci. Zanena ya fara yi mini yawa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce idan na ci gaba a haka, ko ya sauko ba zai tarar da kowa ba sai ɗankwali. Ta tambaya ko an shirya, na ce alhamdu lillahi, na sauka daga kan bulon.

Wata rana la'asar ta wuce, magariba ta kawo kai, bai dawo ba. Na tsaya a bayan ƙofar zaure da mayafi a hannu, duk motar da ta rage gudu sai in ce shi ne. Na shiga ɗakin baƙin a karo na farko tun da ya koma can, ina duba ko ya ɗebi kaya. Komai na nan, har buroshinsa a kofi. Ina cikin ɗakin na ji tsayuwar babur ɗin da ya kawo shi. Na fito da sauri kamar ɓarauniya, muka yi kiciɓis a zaure. Ya ce Zariya suka je da ogansa, taya ta fashe a hanya. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Na ce Allah ya tsare gaba. Na wuce ciki, na rasa ko wannan ɗin wani abu ne ko ba komai ba ne. Washegari kuma ya koma shirunsa, har na ce da na sani ban sa rai ba.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na zuba masa shinkafa da wake na ba 'yar ta kai. Na raba wa yara nasu, na rufe sauran a tukunya, na zauna a bakin madafa ina gyaran zogalen miyar dare. Ta daɗe ba ta fito ba. Ina jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, ina jiyo tata tana cewa to, to. Ganyen ya tsaya a hannuna. Na ce yau dai saƙon da nake tsoro ya zo, kuma ta hannun 'yata zai biyo.

Ta fito tana tafiya a hankali, irin tafiyar yaron da aka ɗora wa abin da yake tsoron mantawa. Na dubi hannayenta, babu komai. Ta zo ta tsaya dab da ni, ta waiga zaure, ta sunkuyo wajen kunnena, amma da muryar da na tabbata har can ana ji.

"Umma, kin ci abinci? Baba ne ya ce in tambaye ki. Amma ya ce kar in ce shi ya aiko ni."