Rantsuwar Neman Fasfo

A shekarun da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano, ina karanta labarai a rediyo. Ina haya a Nasarawa, a ɗakunan bayan gida da aka gina wa kuku da gadina tun zamanin Turawa. Mai gidan tsoho ne, Balaraben Yaman, wanda ya yi arzikinsa a cinikin atamfa. Kowa Alhaji yake ce masa saboda gidan da motar, amma bai taɓa zuwa Makka ba. Tun da aka shigo da shi ƙasar nan yana ƙaramin yaro, bai sake tsallake iyaka ba.

Wata rana da la'asar ya kira ni ƙarƙashin mangwaro, ya miƙo mini wani tsohon fasfo.

"Kai ɗan rediyo, mai bakin aku, karanta mini wannan."

Na mahaifinsa ne. Turawan da suke mulkin birnin Adan na Yaman suka ba shi, Turawan da suke mulkin nan suka buga masa izinin shigowa. A lokacin ba a yi wa yaro fasfo. A cikin na uba ake cusa shi. Ƙarƙashin hoton an rubuta da tawada: da yaro ɗaya. Babu suna, babu hoto.

"Ni ne wannan yaron," in ji shi.

Yayarsa ce, wadda aka bari a can wurin kakarsu, take kwance ba lafiya. Wayar salula ta shigo a lokacin, jikokinta suka nemo lambarsa. Tana so ta gan shi kafin ta cika.

Direbansa ya tafi gida Jigawa girbi, sai ni na riƙa kai shi neman fasfo. A ofishin jakadancin ƙasar mahaifinsa suka karɓe mu da shayi, suka ce gwamnatin da ta ba da wannan takarda babu ita yanzu, kuma yaro marar suna ba shaida ba ne. A ofishin fasfo na nan aka ce ya kawo takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A ƙaramar hukuma aka ce ya kawo mai unguwar da ya san haihuwarsa. Wanda ya san mahaifinsa a cikin birni ya daɗe da rasuwa. A Nasarawa kuwa katanga ce ke maƙwabtaka da katanga. Ana jin ƙarar janaretan mutum shekara da shekaru ba a san fuskarsa ba. Babu wanda ya yi masa rashin kunya a duk wuraren nan. Kowa ya tashi ya ba shi kujera, sannan ya nuna masa wata ƙofar.

Daga ƙarshe wani abokin cinikinsa ya ba shi shawara. Ya je kotu ya yi rantsuwa cewa a Kano aka haife shi, da wannan takarda sauran za su biyo.

"Wa zai musa, Alhaji? Hausarka ta fi ta wannan yaron mai karanta labarai."

Tsohon ya yi dariya, ya ce ai wannan ba abin alfahari ba ne. Ya ce a kai shi.

Mun je da hantsi. Magatakardan kotun matashi ne mai ladabi. Ya rubuta bayanin, ya karanta masa da ƙarfi, sannan ya ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta.

"Baba, da alwala?"

"Da alwala."

A gida ya yi ta, na gan shi a bakin famfo. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama.

"Ɗana, in na ce a Kano na girma, ya wadatar?"

"Haihuwa ake tambaya, Baba."

"In na ce ban san wani gari ba sai Kano?"

"Gaskiya ne, amma ba shi aka rubuta ba."

Tsohon ya janye hannunsa. Ya ce yana tuna ƙamshin kifi a bakin teku, yana tuna yarinyar da take goya shi. Ya ce ba zai rantse cewa ba a can ya faɗo duniya ba, don kawai ya samu hanyar komawa can ɗin. Magatakardan ya mayar da Alƙur'anin, ya raka mu har bakin mota.

A hanyar komawa muka maƙale a shataletale, 'yan acaɓa sun cika ko'ina. Wayarsa ta yi ƙara. Na ji muryar tsohuwa, siririya, tana tambaya. Larabcinsa na yaro ne, bai wuce gaisuwa da addu'a ba. Ya yi ta laluben kalma, ya rasa, sai ya faɗa mata da Hausa cewa ba zai zo ba.

Ba ta jin Hausa. Ta ci gaba da tambaya.