Abin da Faifaina Bai Rufe Ba

Shekara shida na yi ina riƙe da gidan kallo a Badaguishiri. Rumfa ce ta zana a bayan kasuwa, na lulluɓe ta da buhuna don duhu ya zauna ko da rana tsaka. Akwai tele a kan tebur, da injin wuta a waje, da benci huɗu. Fina-finan kuwa daga Konni nake sayo su, kowane cikin 'yar ledarsa mai hoto.

Ina da ƙa'idata, kuma ina alfahari da ita. Kullum ina zaune gefen tele da wani babban faifai na kaba a cinyata. Da na ga namiji da mace sun fara matsowa kusa da juna, sai in ɗaga faifan in rufe gilashin har abin ya wuce. Samari su yi ta ihu.

"Liman ya iso! Sauke mana, mai faifai!"

"Ka je gidan ubanka ka kalla," in ce da mai maganar, kowa ya fashe da dariya.

Saboda faifan nan ne iyaye ba su hana yaransu shiga wurina ba. Harbi da sara da jini kuwa ban taɓa rufe su ba. A ganina abin kunya kaɗai ke ɓata yaro.

Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana da shekara bakwai a lokacin. Wata ranar kasuwa ta kawo mini fura da azahar, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Fim ɗin da ke ciki sabo ne, ni ma ban gan shi ba. Wasu mutane suka ɗaure wata mata, suka zura ta cikin rijiya, suka jawo dutse suna rufe bakin. Aka nuna mana abin daga ƙasa, yadda matar take gani: hasken sama yana ƙanƙancewa har ya ƙare. Sai muryarta kawai cikin duhu. Na ji yarinyar ta damƙe ƙafar wandona. Na dubi faifan, na dubi tele. Babu tsiraici, babu rungume-rungume. Na bar shi a cinyata.

Kwana biyu bayan haka uwarta ta tafi da ita lambun albasarmu. Da suka doshi rijiya, yarinyar ta zube ƙasa tana kururuwa. Daga ranar ba ta ƙara matsawa kusa da rijiya ba, a garin da kowane lambu yake da tasa. Aka ce iska ce ta taɓa ta. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, muka kai ta wurin wani malami a Tsarnawa. Dangina suka ɗora wa uwarta laifi, wai ita ta aike ta da rana tsaka, lokacin da ba a aiken yara. Matar tawa ta ɗauki maganar ba ta musa ba, har ta koma ga Allah. Ni kuwa wani abu a cikina ya tuna hannun nan a wandona, amma na danne shi. Na ce fim ai wasa ne.

Da wayoyi suka yawaita, gidan kallo ya mutu, na koma lambu gaba ɗaya. Ledojin fina-finan na mayar da su ma'ajiyar irin albasa.

Bara na shiga ajin karatun manya, furfura a gemuna. Ba ni da saurin ganewa, amma ba na fashi. Wata rana malamarmu ta ce kowa ya kawo wani abu mai rubutu daga gida. Na ɗauko leda ɗaya na kai. Ta juya bayanta, ta ɗora yatsa a kan wata jar da'ira mai lamba a ciki.

"Baba, karanta mini wannan."

"Sha takwas," na ce. Lambobi na san su tun da. "Lambar mai shago ce, ko?"

"A'a, shekaru ne. Kafin a saki fim, akwai masu zama su kalle shi, su ce daga shekara kaza ya dace a gani. Wannan, duk wanda bai kai sha takwas ba, ba nasa ba ne."

"Saboda abin kunya?"

"Har da shi. Har da abin tsoro, da kisa. Abin da babba zai kalla ya manta, yaro sai ya tafi da shi."

Ban ji sauran darasin ba. Da na koma gida na zazzage ledojin a tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya har na sami mai hoton rijiya. Jar da'irar tana nan a kusurwa. Shekara da shekaru ledar tana cikin ɗakina, cike da iri.

Yanzu Uwata tana aure a Tajaye, da 'ya'ya biyu. Rijiyar unguwarsu mai zurfi ce, kuma har yau ƙannen mijinta ke ɗebo mata ruwa, suna yi mata ba'a. Sati uku ina juya maganar kafin na hau mota na je. Na same ta tana tankaɗe. Bayan gaisuwa na ajiye ledar a gabanta.

"Uwata, ba iska ba ce. Wannan ne. Kuma ni na sa shi."

Ta daɗe tana kallon hoton, hannunta duk gari.

"Na sani, Baba."

"Kin sani? Don mi ba ki faɗa ba?"

"Ai na ga faifan a cinyarka. Kullum in abu ba na gani ba ne kana rufewa. Da ba ka rufe ba, sai na ɗauka so kake in gani, in san abin da ake yi wa mutane. Na zaci matar tana nan cikin wata rijiya ta garinmu." Ta yi ɗan murmushi. "Na girma na san ƙarya ce. Ƙafafuna ne ba su sani ba."

Na roƙe ta gafara. Ta ce babu komai tsakanin ɗa da uba. Na ce akwai, kuma akwai na uwarta, wanda ba ni da inda zan kai shi. Ta buɗe ledar, ta juye irin cikin ƙoƙo don kada ya lalace, ta tura ledar cikin murhu.

Da la'asar na ɗauki jarkokinta biyu na nufi rijiya. Mata suka yi ta dariya, wai suruki ya zo aikin amarya. Da na zura wasaki na leƙa. Can ƙasa akwai ɗan haske zagayayye, bai fi faifai ba, da kaina a tsakiyarsa. Na juyo, na hango ta tsaye a ƙofar gida, nesa, daidai inda take tsayawa kullum.