Yadda Auta Ya Ɗaure Ni a Motar Ubansa

Ni ban yi boko ba, saboda haka kada wani ya tambaye ni shekara da lamba. Abin da na sani, an sayi motar nan bayan an canza hannun tuƙi, an kuma daina sule da fam, ina goyon 'yata ta uku. Bel kuwa an sa mata shi ne bayan shekarar da aka kashe mana layin waya saboda mutanen daji, da damina uku ko huɗu, lokacin da hanyar Kaduna ta fara biyuwa ba sai an jira rakiyar soja ba. Tsakanin sayen motar da sa bel ɗin haƙorana na ƙasa sun tafi, maigidan ma ya tafi, Allah ya jiƙansa.

Dillalin hatsi ne shi. Ya saye ta hannun wani ɗan kwangila da ya zo aikin kwalta. Baƙa ce wuluk, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gaba doguwa kamar benci. A zamanin nan mace ba ta zama gaban mota a Birnin Gwari, ko matar wane ce. Gaba na aboki ne ko na liman. Mace tana baya, ita da buhu da kaji. Ranar da ya kawo ta ƙofar gida, unguwa ta cika maƙil, sai na kwance goyona na rungume, na buɗe ƙofar gaba na zauna.

Ya ce, "Ke, mutane na kallo."

Na ce, "Ai don su kalla ka saya."

Tun daga ranar kujerar nan tawa ce. Ko liman muka rage wa hanya, sai dai ya shiga baya ya yi ta istigfari har a sauke shi.

Da daji ya lalace, mota ta kwanta a gindin mangwaron tsakar gida. Ina za ka da ita? Hanyar Kaduna ba ta biyuwa, ta Dogon Dawa ba ta biyuwa. Kaji suka mai da ita akurki, har na riƙa aika a ɗauko mini ƙwai ƙarƙashin sitiyari. Da abubuwa suka ɗan lafa, autana, wanda ke da shagon magani a bakin kasuwa, ya ce zai tashe ta. Ya kuwa tashe ta. Aka yi mata inji, aka yi fenti, aka sa taya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai ga albishir daga Kaduna, jikata ta haihu, za mu je suna. Na ce alhamdu lillahi, a motar kakanta zan isa.

Muna cikin wannan murna ya zo ya durƙusa a gabana, irin durƙuson da ba na alheri ba.

"Inna, za a sa wa motar bel."

"Wando gare ta?"

"Na ɗaure mutum ne a kujera. Duk wanda ya zauna gaba dole ya sa. Idan muka kusa Kaduna masu duba motoci za su tsare mu."

Na ce masa na san akuya ake ɗaurewa in za a kai ta kasuwa, na san itace ake ɗaurewa. Ni wanne ce a ciki? Kuma in mutanen daji suka fito mana a hanya, kowa ya buɗe ƙofa ya ruga, ni a bar ni a ɗaure kamar an shirya musu ni?

Ɗan banzan ya yi dariya. "Inna, ke da gudu? Yaushe rabonki? Daga ɗaki zuwa bayan gida sai kin huta a turmi."

Na neme shi da mafici, ya goce. Daga nan ya daina dariya ya ce, hanyar nan ta dajin ba a tafiya a hankali a cikinta, kowa taka mota yake yi don ya fita da wuri, ga ramuka kamar an haƙa rijiyoyi. In ya taka burki farat ɗaya, goshina ne a gilas. Sai ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi: "In ba za ki sa ba, ba komai. Sai ki zauna baya, matata ta zauna gaba."

Baya. Ni, da furfurata, in koma wurin buhu da kaji, a kan idon unguwar da ta ga shigata gaba. Na san mutanen nan. In suka gan ni a baya sau ɗaya, shi ke nan, za su ce tsohuwa ta gama, an fara ɗaukarta kamar kaya. Na ce a kawo bel ɗin mu gani.

To ita motar, da aka ƙera ta ba a yi mata wurin bel ba, don a lokacin mutane na da tawakkali. Sai an huda ƙarfen da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, a maƙala kan bel ɗin a sama, a kuma huda ƙasan motar a ɗaure gindinsa. Auta ya je Panteka ya sayo guda biyu da aka ciro daga wata motar da ta mutu. Na juya su na ce, "Wanda ya sa wannan na ƙarshe, yana ina yanzu?" Ya ce bai tambaya ba. Na ce ai gara da bai tambaya ba.

Aka kai mota garejin wani mai walda a hanyar tasha. Bagwari ne, ɗan coci, na san uwarsa tun tana kawo mana doya, mun ci goro tare ba adadi. Washegari ya aiko wai sai na zo da kaina, don in ya huda daidai tsawon namiji, ni gajera ce, ba zai yi mini ba. Ka ji fa. Na tsufa ban taɓa zuwa wurin tela awo ba, zane nake ɗaurawa, ga shi yau mai walda zai auna ni.

Na je, na zauna a kujerata. Mai waldan ya riƙe kan bel ɗin a sama inda ya yi niyyar hudawa, Auta ya ja shi ya ƙetara da shi ta gabana. Sai ga shi a maƙogwarona.

Na ce, "Ɗan nan, in rataye ni kuka shirya, ga mangwaro a gida, me ya kawo wahalar walda?"

"Yi haƙuri, Mama, a kafaɗa zai zauna. Bari a sauko da shi."

Babu mai iya taɓa ni a cikinsu, sai ya samo karan dawa yana nuna kafaɗata da shi daga nesa, yana saukowa da bel ɗin kaɗan-kaɗan, yana zana alli a jikin ƙarfe. Yana yi yana zolaya.

"Mama, kafaɗa ai ita ce wurin ɗaukar nauyi. Iyayenmu mata sun daɗe da sani. Ku ne kuka nace wa kai."

"Rufe mini baki. Na ɗauki tulu a ka tun uwarka na tallar doya a kafaɗa tana tafe a karkace. Yanzu da tsufana za ka mai da ni Bagwariya?"

"Ai da kin ci riba, Mama. Da yanzu wuyanki bai shige ciki ba, da ban sha wahalar awo ba."

Gareji ya ɗauki dariya. Na ce zan haɗa shi da uwarsa, ya ce ita ma tana nemana, wai na daina gaishe ta tun da aka yi wa mota fenti.

Da ya sa injin huda a jikin ƙarfen, na kau da kai. Motar da maigidan ke gogewa da hannun rigarsa, ga wani yana ɓula ta ina zaune. Ya ce ƙarfen ya tsufa, in aka ɗaura noti a kansa haka nan, ranar da ake bukatarsa zai yage ya fito. Ya yanko wani ƙarfe mai kauri kamar tafin hannu, ya zura shi ta ciki, ya liƙe da wuta, sannan ya ɗaure. Ya rataya da dukan nauyinsa a kai, mota ta girgiza, abin bai motsa ba.

Aka ce in koma in gwada. Auta ya ja bel ya danna shi a bakinsa, ya ce ƙas. Ya zauna a kafaɗa daidai. Amma daga kafaɗar sai ya gangaro ta tsakiyar ƙirji, ya danne mayafina, ya raba abin da Allah ya ba ni gida biyu, ɗaya nan ɗaya can. Abin da ya shayar da 'ya'ya tara, ya yi aikinsa ya kwanta, na lulluɓe shi da mutunci shekara da shekaru, ga shi an zana wa duniya iyakarsa. Mai walda ya shiga neman wani abu a ƙasa. Auta ya ɗaga kai yana duba ko za a yi ruwa.

Na ce, "Kwance ni." Aka kwance ni, na kama hanyar gida.

Surukata yarinyar kirki ce, ban taɓa kama ta da laifi ba. Amma ana gobe tafiya ta kawo mini tuwo, ta ajiye, ta ce cikin ladabi, "Inna, baya ma akwai iska. Har miƙe ƙafa za ki yi." Na lura kuma ta goge sabon mayafinta ta rataye a ƙofa. Na ce mata na gode.

Da safe, suna can suna haɗa kayan barka, na fita tsakar gida babu kowa sai kaji. Na shiga mota, na tuɓe mayafi, na ja bel ɗin a kan rigata. Na yi ta laluben bakinsa har na ji ƙas. Sannan na yafa mayafina a kai, na rufe komai ruf, na ɗauki carbi. Da suka fito, Auta ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa gefen mayafin ta wajen ƙugu ya ga ƙarfen a danne. Ya zagaya ya shiga wajen sitiyari. Surukata ta buɗe ƙofar baya da kanta, Allah ya yi mata albarka.

Muka kama hanya. Muka shiga dajin. Mun wuce garuruwan da na sani da kasuwa da masu tallar nono, yanzu ciyawa ta fi bango tsawo. Auta ya taka mota, ramuka suna jefa mu sama, na baya suna ta salati, ni kuwa ina zaune daram.

Dab da Kaduna sai ga shinge. Wani yaro cikin kaki, gemunsa bai gama fitowa ba, ya ɗaga hannu. Ya leƙa ta wajen Auta ya ga nasa, ya zagayo ta wajena.

"Mama ba ta sa bel ba."

Auta ya ce, "Ta sa, ranka ya daɗe."

"Ban gani ba."

Auta ya matso kunnena. "Inna, ɗan ɗaga mayafin ya gani, mu wuce."

Ko kallonsa ban yi ba. Na ce wa mai kakin, "Ɗan nan, uwar wa ka taɓa ce wa ta buɗe ƙirji a bakin titi?"

Ya daburce. "A'a, Mama, ba haka nake nufi ba. Aikina ne in gani da idona."

"Da idonka. To je ka fara da ta gidanku."

Motoci sun taru a bayanmu suna ta oda. Yaron ya share gumi, ya yi tunani, sai ya samo dabarar da yake ganin ta raba gardama. Ya ce, "To Mama, mai sauƙi. Ki koma baya, wannan baiwar Allah ta dawo gaba ta sa bel, ku tafi lafiya."

Ban san lokacin da na zabura ba. Mafici na hannuna, na yi wuf zan kai masa ta taga. Sai abin nan ya cije. Ya fizge ni ya mayar da ni jikin kujera, har ɗankwalina ya zame. Ashe haka yake, in ka ja shi a hankali ya biyo ka, in ka zabura ya kama ka. Mai waldan nan bai faɗa mini ba, kuma har yau ban yafe masa ba, don da na samu kunnen yaron.

Shi kuwa ya yi tsalle baya, ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Na gani, Mama. Wallahi na gani. Allah ya kiyaye hanya." Har da sara mini.

A gaba na shiga Kaduna, a gaba aka buɗe mini ƙofa a gidan suna, a gaba na dawo. Haka nake yi har yanzu, nakan riga kowa shiga in shirya kaina, kuma duk mai son gani da idonsa ya matso kusa da taga.

Cikin waɗanda suka san motar nan tun tana sabuwa a garin, ba mu da yawa yanzu. Akwai ni. Akwai wata mai daddawa a Magajin Gari, ido ya tafi, amma tana jin ƙarar injin ta san ni ce, ta ɗaga hannu. Sai ƙanen maigidan, kunne ya toshe, kullum yana faɗa wa Auta da ƙarfi cewa bai dace namiji dattijo ya zauna bayan mace ba. Ranar Juma'a mukan biya mu ɗauke shi zuwa masallaci. Nakan juya in gaishe shi da kyau, in tambaye shi ko iska na isa can.