Ƙofar Waltraud

Shekara ashirin da biyu Waltraud Siekmann ta yi tana goge-goge a masana'antar fayafayanmu ta bayan garin Hanover, babu babban da ya taɓa tambayar sunanta. Sai a 1983 aka kawo mana aikin sabon faifai, ɗan ƙarami mai walƙiya, wai shi CD. Faifan garmaho ko da toka a hannunka za ka buga shi, ya yi waƙarsa. Wannan kuwa ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta kashe shi. Ni ke duba su a gaban fitila, kuma kusan rabi kwandon shara suke tafiya.

Injiniyoyi suka yi ta taro. Waltraud ta roƙi makullin ɗakin da ake ƙera fayafayan, ta kafa dokarta: ba hoda, ba sigari, ba takarda, kowa ya sa farar riga da hula, gemu ma a rufe. Mun zage ta son ranmu, har da ni. Cikin wata biyu asarar ta ragu sosai.

Ranar wata Laraba darakta Brinkhoff ya zo da baƙi daga Amurka, da kwat ɗinsa ta ulu. Waltraud ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, a tuɓe kwat, a sa hula."

"Baiwar Allah, kin san ko ni wane ne?"

"Ni na sani. Ƙura ce ba ta san ka ba."

Baƙin suka yi dariya, abin da ya ja mata ke nan. Ranar Juma'a aka sallame ta, tana da shekara hamsin da takwas, ga miji kwance ba lafiya. Na ji kunya, don ban tsaya mata ba.

Da ta tafi aka watsar da dokarta, kwandona ya sake cika. Bayan wata guda aka aike ni in lallaso ta. Na same ta a gida tana yanka kabeji.

"Ke Gudrun, ke kika kore ni? Wanda ya yi korar ya zo da ƙafarsa."

Washegari na rako darakta Brinkhoff gidanta. Ta buɗe ƙofa, ta dubi ƙafafunsa.

"Yanzu na goge ɗakin nan, Yallaɓai."

Ya dubi takalmansa. Sannan ya durƙusa ya fara kwance igiyar takalmi.