Kwamanda Mai Lallashin Turbo

Rigar fata ce a jikinsa cikin zafin Kwatano, gumi na tsiyaya daga sanƙonsa. A shagon wasan kwamfuta na unguwar Akpakpa kowa Kwamanda yake ce masa. Jirgin yaƙi irin na da can yake tuƙawa a cikin wasan, ya lula can ƙololuwa, idonsa ƙur a kan allurar turbo, na'urar da ke ɗura wa inji iska. Yana murza ta a hankali kamar mai ɗiga magani a ido.

A kujerar gefensa, abokin yaƙinsa Sedjro yana ihu: "Babban yaya, sauko! Jiragen maƙiya biyu ne a bayana!"

"Haƙuri, ƙanena. In na gaggauta, turbo ta ƙone."

"Wai turbon nan matarka ce?"

Jirgin Sedjro ya kama da wuta, Kwamanda ko waige. Ni da nake kallonsu, ina zaton a gida ma haka yake: da an ɗaga murya, sai ya tuna da famfon da ke son gyara.

Ya sauka lafiya, ko harsashi ɗaya bai fitar ba. Ya gyara wuyan riga, ya dubi shagon:

"Ni fa har yau ba a taɓa harbo ni ba."