Guɗar da Na Yi Kafin a Gama

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na je kallon kokawar jikana ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji an busa usur sai gabana ya faɗi.

Ni 'yar gidan kokawa ce. Tun kafin kamfanonin fata su cinye gonakinmu a Challawa, babana ne ke ka da maza in an gama girbi. Dokarmu ɗaya ce: ko gwiwarka ce ta taɓa ƙasa, an gama. Sai guɗa, sai dangin wanda ya yi kaye su shiga fili su share masa gumi.

Jikan nawa, da nake kira maigida don wasan jika da kaka, yana ajin ƙarshe a kwaleji. Kwalejinsu da wata ta wajen Bompai ba sa ga-maciji, duk shekara sai sun kara. A wannan karon kuwa, wanda ya yi nasara za a ɗauke shi ya yi wa jiha wasa. Wata uku yaron nan yana gudu da safe don ranar.

Ya ce, "Tsohuwa, yi zamanki a gida. Ba irin taku ba ce, wannan ta maki ce."

Na ce, "Maigida, ni za ka koya wa kokawa? Tun ubanka bai iya ɗaura wando ba nake kallonta."

Ya yi dariya. Ni kuwa girman kai ya hana ni tambayar mene ne maki.

Na hau adaidaita daga Panshekara, na tarar da wani ƙaton ɗaki cike da ɗalibai, ba ganga ba kirari, sai dukan benci. A tsakiya an shimfiɗa wani abu kamar katifa. Abokin karawarsa ƙato ne, wuya kamar turmi. Suka kama, suka saki, suka sake kamawa. Can sai yarona ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi, ya maka shi da ƙasa, ya danne.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Da takalmina na hau katifar nan, na zare mayafi ina share masa fuska. Alƙali ya busa usur.

Yaron ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Hajiya, ba a gama ba. Ki fita."

Ashe a tasu sai ka danne kafaɗun mutum biyu har alƙali ya bugi katifa, kuma saura ƙiris ya buga. Saboda ni aka tashe su tsaye, aka sake sabon kamu. Ɗaliban kwalejin Bompai suka samu abin waƙa: "Kaka ta zo, a ba ta zani ta goya shi." Ɗakin ya ɗauka. Ina ganin yarona yana waiwayen inda nake maimakon ya dubi ƙafar ƙaton. Da lokaci ya cika aka ƙirga makin nan, aka ɗaga hannun wancan.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tare mini adaidaita, ya ce wa mai tuƙi Panshekara, shi ya tsaya a bakin titi.

Yanzu yana lodi a wani kamfani a Sharada. Duk Juma'a yana zuwa ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ina wuni?" Bai sake ce mini tsohuwa ba, ni ma bakina ya kasa cewa maigida.

Har gobe ina cewa gadon bayan ƙaton nan ya taɓa ƙasa, kuma a Challawar da na sani jikana ne ya yi kaye. Sai dai ba a Challawar da na sani aka yi ba. Abin da na koya, bayan ya riga ya ci ni, shi ne in yaro ya ce miki abu ba irin naku ba ne, ki sauke kai ki ce masa, "To, yaya yake?" Tambayar nan ɗaya na ƙi yi, shi kuma ya biya.